Jan Layi a Kan Hulunan Baba Isiya

Cikin shekarun da na yi ina kula da shafin sayar da kayanmu na intanet, akwai wani yini da har yau bai fita raina ba. Ku da kuka zo aiki daga baya, gara ku ji shi daga bakina.

Cikin azumi ne, goman ƙarshe. Shagonmu yana nan inda yake yanzu a Kambarawa, muna sayar da shadda da yadi da takalma da huluna. Ni ke ɗora kaya a shafi, in sa hoto da farashi, in karɓi oda. Maigidanmu, Alhaji Kabiru, ya bar mini umarni a tsaitsaye kafin ya shiga i'itikafi.

"Mannir, ka sa rangwame a kayan maza, kashi ashirin cikin ɗari. A rage kayan nan kafin sallah."

Ya kashe wayarsa, ya shige masallaci.

Bari in yi bayani saboda wanda bai san aikin ba. Idan za ka sa rangwame, shafin zai tambaye ka a kan wane kaya. Kana iya cewa duk abin da ke shago, kana iya zaɓar rukuni guda, ko kuma ka bi kayan ɗaya bayan ɗaya kana dannawa. Na ƙarshen nan shi ne mai cin lokaci. Ni kuwa washegari ga azumi, ga zafin rana, ga masu tambayar farashi sun hana wayata hutawa. Sai na zaɓi rukunin kayan maza gaba ɗayansa, na danna, na tura sanarwa.

Da hantsi ke nan. Kafin azahar oda ta fara shigowa kamar ruwa. Ina ta murna, har na zo kan wata oda daga Abuja, na ga hula ce, farashin kuma bai yi mini daidai ba. Na duba ta gaba, ita ma hula.

Hulunan Baba Isiya ne. Dattijo ne mutumin Batagarawa, da zare da allura yake ɗinkinsa, hula guda takan ci masa mako uku. Ba kayanmu ba ne. Ajiyewa yake mu sayar masa, kuma shi ke yanke kuɗin abinsa. Ni da hannuna na sa su rukuni ɗaya da hulunan inji watanni baya, na manta.

Nan take na cire sauran daga rangwamen, amma biyar sun riga sun tafi, masu saye sun biya. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na leƙa sito ban san abin da na je nema ba. Na kira lambar Alhaji sau uku alhali na san a kashe take. In na soke odar, mun yi wa mutane magana biyu. In na bari, da wane ido zan kalli Baba? Na yi sallar azahar, amma Allah ya sani rabin hankalina yana kan kwamfuta.

Da la'asar na kasa daurewa, na tafi masallacin da Alhaji yake. Na jira aka idar, na durƙusa kusa da shi, na faɗa masa ƙasa-ƙasa. Ya ƙarasa jan carbinsa, sannan ya dube ni.

"Wanda ya saya ya saya," in ji shi. "A tura musu kayansu. Cikon kuɗin Baba daga shago zai fita. Amma ka je yanzu ka faɗa masa da bakinka, kada ya ji a waje."

Na ji sanyi a raina. Na hau mashin na kama hanyar Batagarawa, ina ganin magana ta ƙare.

Na tarar da Baba a zaure, tabarau a kan hanci, yana ɗinki. Muka gaisa, ya tambayi azumi, ya tambayi Alhaji da mutanen gida, ni kuwa duk na ƙosa a gama. Da na fara bayani sai ya ɗaga mini hannu.

"Na gani. Ɗiyata ta nuna mani a waya."

"Baba, kuskurena ne. Amma ko kwabo ba za a rage maka ba, Alhaji ya ce..."

"Mannir, na yi maka maganar kuɗi?"

Ya ajiye allurar.

"Ta nuna mani hulata, an ja jan layi bisa kuɗinta, an rubuta wani a ƙasa. Na ce mata mi ke nan? Ta ce haka ake yi wa kayan da ake son rabuwa da su. Shekara arba'in ina ɗinkin nan, ban taɓa kai hula kasuwa ta yi kwantai ba. Yau mutanen Abuja da na Legas sun ga hular Isiya cikin kayan da ake neman kai da su."

Na ce an riga an cire, sa'o'i uku kawai ta yi a haka.

"Waɗanda suka gani fa? Gobe in ka maida kuɗin na da, cewa za su yi a jira, ai ana rage ta."

Gaskiyarsa ce, kuma ni da ke zaune a kan shafin kullum na fi shi sanin haka.

Ya ce in kawo masa sauran hulunansa. Na roƙe shi, na ce ya bari Alhaji ya fito su yi magana. Ya ce wallahi ba fushi yake ba, har ya tsare ni sai da muka sha ruwa tare, ya sa aka kawo mini kunu da ƙosai. Washegari na kai masa hulunansa bakwai cikin leda, da kuɗin biyar ɗin cif. Ya karɓa, ya sa mini albarka.

Bayan sallah Alhaji da kansa ya je. Baba ya karɓe shi hannu biyu, amma bai sake ba mu hula ba. Yanzu wani mai shago a babbar kasuwa ke sayar masa. Har yau akwai masu turo saƙo suna tambayar irin hulunan nan, ni ke ba su amsa cewa babu.

Alhaji bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba, ni ma ban nemi uzuri ba. Abin da na yi shi ne na raba kayan ajiya daga namu, kowane mai kaya da rukuninsa da sunansa.

Shi ya sa kuke ganin ranar sa rangwame nake hana ku danna rukuni, nake sa ku bi kaya ɗaya-ɗaya ko da za a wuni. Kafin ku danna, ku tambaya: na wa ne, kuma ya yarda? A shafi duka hotuna ne jere, girmansu ɗaya. Amma wani, kwali kawai aka buɗe aka fito da shi, wani kuwa mutum ne ya zauna mako uku a zaure yana cin idonsa a kai.