Walimar da Na Yi a Garka

Shekarar da 'yar ƙanena ta isa aure, mu biyu ne kawai a gidan. Mijina ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba mu haihuwa ba, ita kuma tun tana tatata aka kawo mini ita bayan iyayenta sun rasu. Gwaggo take ce mini, ni kuma 'yata nake kiranta. Wani malamin firamare daga Zango ya nemi aurenta, tana sonsa, aka sa rana bayan girbi.

Ina da wata tunkiya da nake kiwo saboda hidimar bikin. Lokaci ya matso sai maƙwabtanmu suka yi nasu bikin, aka raba shinkafa a leda, aka sha ruwan leda, washegari lungunmu kamar an yi shanya. Ba a daɗe ba tunkiyar ta daina cin dusa. Cikinta ya kumbura, tana tsaye tana nishi. Da na ga za ta mutu na aika aka kira mahauci. Yana farke tumbin ya ɗago kai.

"Inna, zo ki gani da idonki," in ji shi.

Leda ce ta cure waje guda, ta nannaɗe kamar gammo. Na tsaya ina kallo har ya gama fiɗa. A nan na ƙudura cewa a bikin 'yata ba za a yar da leda ko ɗaya ba.

Mijina ya bar mini garka a bayan gari, da mangwaro da gwaba da rijiya mai ruwan sanyi. Lokacin ba a daɗe da fara aiki da shari'ar Musulunci ba, kiɗa ya ja baya a bukukuwa, walima ake yayi. Na ce to, tunda zama ne da wa'azi da cin abinci, inuwar mangwaro ta ishe mu. Ruwa a randa, fura a ƙwarya, tuwo a akushi, alkaki da nakiya kuma a ƙananan kwandunan kaba.

Na hau mota na je cikin Daura na gaya wa yayata, don ita ce babbarmu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ajiye carbinta.

"Ke dai ki ce ba ki da hali, sai mu taimaka," ta ce.

"Yaya, ba rashin hali ba ne."

"To mene ne? Amarya guda a kai ta garka kamar za a cire albasa? Ni ba zan gayyato ƙawayena su sha ruwan randa ba."

Maganar ta riga ni komawa gida. Matan da muka saba yi wa juna daka da surfe, kowace ta sami uzuri. Wata ciwon baya, wata baƙi. 'Yata ma ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta. Wata rana muna tsince wake ta ce, "Gwaggo, ƙawayena dariya suke yi mini." Na ce in tana so a fasa, a fasa. Ta ce, "A'a, yadda kika tsara." Daga nan ta koma wuni a gidan ƙawarta inda ake yi mata gyaran jiki, sai magariba take dawowa.

Haka na yi aikin ni kaɗai. Da safe in tafi garka da tsintsiya da damin kaba, in share ƙarƙashin itatuwa, in zauna in yi ta saƙa. Ba abin da nake ji sai kukan kurciya da ƙarar guga idan mai ban ruwa na garkar kusa yana ja. Wani lokaci sai in ji ina magana a fili, ina tambayar ƙanena ko tabarmin maza sun fi kyau ta gabas, alhali ya daɗe a ƙasa. Yatsuna suka yi kanta. Na bi gidajen tsofaffi ina aron randuna da akusa, wasu sai an kakkaɓe musu yanar gizo kafin a miƙo mini.

Mutum ɗaya ce ta zo taya ni. Matar mai shagon kayan roba ce a bakin kasuwa, Kirista daga kudu, wadda na saba sayen bokiti a wurinta. Ta tare ni tana tallata mini kofunan rabo, na gaya mata abin da nake shiryawa. Ta yi dariya ta ce a garinsu da ganye uwarta take ƙunshe abinci. Rannan da azahar sai ga ta a garka. Ta zauna ta shimfiɗa ganyen kalgo a kwanduna, tana jera alkaki, tana ba ni labarin 'yarta da ke aure can nesa, wadda ta yi shekaru ba ta gani ba. Da rana ta yi sanyi ta koma shagonta.

Ranar walima mutane sun zo, amma ba kamar yadda na yi zato ba. Tabarmi da yawa ba wanda ya zauna a kansu. Yaya ta iso a makare da jakunkunan ruwan leda a bayan mota. Na durƙusa na gaishe ta, na roƙe ta a bar su a motar. Ta dube ni, ta wuce, aka bar su a motar. Na turara randunan da jema, ruwan ya yi sanyi da ƙamshi, na ga mata suna komawa da moda. Malamar da aka gayyato ta yi nasiha, iska tana kaɗa ganye, 'yata tana zaune cikin lulluɓi ƙawayenta kewaye da ita. Ban sami zama kusa da ita ba, ina can wajen tukwane.

Kafin magariba motocin Zango suka zo. Aka kawo mini ita, ta riƙe zanina tana kuka. Na ce, "Ki yi haƙuri, ki bi mijinki, Allah ya yi miki albarka." Uwa ba ta kai amarya, don haka na tsaya a bakin shinge har ƙarar motocin ta ɓace. Yaya tana cikin masu rakiya.

Na dawo cikin garka. Ƙwarya da akusa ne birjik, sai ganyen kalgo da ƙashin nama. Na jawo ruwa na zauna bakin rijiya na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na kife a kan tabarma. Na yi alwala na yi magariba a nan. Da na idar ban tashi da wuri ba, don na san ba wanda zai buɗe mini ƙofa in na koma. Sai da sauro ya fara damuna sannan na naɗe tabarma ɗaya, na ɗora a kai, na kama hanyar gida.