Kura Mai Lamba Biyu

Duk wanda ya ce min katin yanzu ya fi na da kyau, ni da shi sai dai mu gaisa kowa ya kama gabansa. Wana, Yaya Habu, shi ya fara faɗa min wannan maganar banza, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A Aujara muka tashi, ni da shi, a hannun kakarmu da muke kira Iya. In an gama girbi sanyi ya shigo, tana idar da sallar isha'i sai ta sa mu jawo karan dawa a hura wuta a ƙofar ɗakinta. Ta tura gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafu tana mita wai gwiwoyinta sun ƙi ta. Mu kuma mu baje katinmu a tabarma. A cikin ƙaramin biskit ake samun katin, kowane ƙunshi guda ɗaya. Kowane kati da hoton dabba, da lamba a kusurwa. Ka ajiye naka, abokin wasanka ya ajiye nasa, mai babbar lamba ya cinye. Giwa goma ce, zaki tara. Kura kuwa biyu, kunkuru kaɗai ta fi.

Da hannu aka zana su, a kan kwali mai kaushi. Kala uku ce kacal, ja da baƙi da ruwan ƙasa, ita ma sau da yawa ta zarce layi. Zakin ba ya wani hargagi, a kwance yake abinsa, ƙuda na damun kunnensa. Ƙahon ɓaunar ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kurar kuwa ramammiya ce, bayanta ya zube, ta ɗage ƙafa ɗaya tana waiwaye. Ba mai son ta a cikinmu.

Yaya Habu ya ba ni shekara uku, kuma tun a lokacin ba shi da ta ido. Sai ya leƙa katina ta hasken wuta, sannan ya zaɓi abin da zai ajiye. Ran nan ya cinye ni tas, ya bar ni da kura. Haushi ya kama ni, na wurga ta cikin wuta. Iya ta sa yatsu ta fizgo ta. Kusurwa ɗaya ta riga ta ƙone, babban yatsanta kuma, da ya sha toka da man gyaɗa, ya bar tambarinsa a cikin kurar. Ta kai katin kusa da harshen wuta ta daɗe tana kallo.

"Kai Sabo, mijin nan nawa ba ka da ido," in ji ta. "Wannan za ka ƙona? Duk tarkacen nan naku, a nan ne na tabbata mai zanen ya taɓa ganin abin da ya zana. Haka take, wallahi. Na gan ta da idona, shekarar da ta ɗauke min jar akuya."

Ta gyara zama. "To, ga wata nan tafe, mai gyangyaɗi ya wartsake."

Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai a wani gari kura ta addabi mutane, kullum sai an wayi gari babu akuya. Dagaci ya ce abin da ya sa, yaran da ke tsaron turke ba su san kamanninta ba. Ya kira wasu magina biyu, wa da ƙane, ya ce kowa ya zana ta a jikin katangar ƙofar gari. Wan ya zana ƙatuwa, ta kai raƙumi, haƙora zaƙo-zaƙo, idanu jajur. Mutane suka yi ta shewa, dagaci ya ba shi riga. Ƙanen kuwa sai da ya kwana uku a turken awaki har ya gan ta, sannan ya zana wata 'yar ramammiya mai ɗingishi, kamar karen da bai da lafiya. Gari ya ɗauka da dariya. Wan ya ce wannan abin kunya ne ga gidansu, ya kwaɓo ƙasa ya shafe zanen ƙanensa.

Da almuru sai ga wata aba ta shigo gari tana jan ƙafa. Yara suka dube ta, suka dubi katanga, suka ce wannan ba ita ba ce, suka ci gaba da wasansu. Ta bi ta ƙofar gidan ƙanen. Yana zaune, ya gan ta, ya gane ta sarai. Ya ce a ransa, bari su gani a jikinsu. Ta shiga turken wansa ta yi ɓarna, ba ta bar ko ɗaya da rai ba. A ciki har da tunkiyar uwarsu, wadda ta bar wa ƙanen gado, wan yake kiwata masa.

"Ƙurunƙus," in ji Iya. "Kowa ya karkaɗe tabarmarsa."

Na yi tsalle na nuna Yaya Habu, na ce shi ne wan, mugu mai shafe zanen mutane. Ya zuba min ranƙwashi. Iya ta raba mu da kara, ta ce, "Kai mai ihu, ƙanen fa?" Na ce ai shi gaskiya ya zana. Ta ce, "Ya zana. Da ta zo wucewa fa, bakinsa ciwo yake?" Ban saurare ta ba, ina ta murzar kaina.

Muna sakandare aka sauya katin. Kwalin ya yi santsi, kala ta yi yawa, dabbobin duk suka miƙe a kan ƙafa biyu da ƙirji irin na 'yan dambe. Yaya Habu ya haukace a kansu. Ya kawo wa Iya sabon zakin yana washe baki, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta ce, "Wannan zaki ne ko ɗan dako?" Na yi dariya har da faɗuwa. Na yanzu kuwa, waɗanda yarana ke shigo min da su gida, ba a magana. Sai ƙyalli kamar ledar alewa. An sa wa giwa sulke, wuta na fita daga bakin kada, kura ta samu haƙoran zinare da lamba ta dubbai. Ka jera guda goma ka duba idanunsu, ido ɗaya ne aka raba musu. Wanda ya yi su ko akuya bai taɓa tsayawa ya kalla ba, balle kura.

Da Iya ta rasu, aka samu tsofaffin katinmu a cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonta. Ashe ita ta tattara su bayan mun watsar. Yaya Habu ya ce shi ne babba, shi zai ajiye. Ban ja ba. Duk muka dawo Dutse, shi ya buɗe shagon buga katin biki da kalanda, ni kuma na kama sana'ar wayarin, ina sa wa gidaje da shaguna wuta.

Bara ya kira ni a waya, wai in zo in ga abin mamaki. Na je. Ya baje min wasu kati masu sheƙi a kan tebur, yana ta murmushi. Wai ya ɗauki hoton tsofaffin ya ba kwamfuta ta gyara su. An tashi zakin tsaye, an kore masa ƙuda. An daidaita ƙahon ɓauna. Kurar ta yi ƙiba, ta sauke ƙafarta, tana kallon mutum ido cikin ido.

"Ka ga yadda suka fito? Ai sun fi na da kyau nesa ba kusa ba."

"Tsofaffin fa, Yaya?"

"Waɗannan ruɓaɓɓun? Duk gara ta taɓa su. Na zuba a bola."

Na ce masa abin da ban taɓa ce wa na gaba da ni ba. Na ce tun yana yaro ba ya ganin komai sai abin da ke ƙyalli, kuma da Iya ma kwali ce da tuni ya kai ta bola. Ya ce in fita masa daga shago tun bai ci mutuncina ba, mahaukaci mai kuka a kan takardar biskit.

Ina juyawa hancina ya jiyo ƙaurin roba. Sana'ata ce, ba na kuskuren wannan warin. Na kai ido bayan babban injinsa, na ga soket ya yi baƙi, an jona wata siririyar waya an naɗe da salatif, robar har ta fara narkewa. Wayar fanka ce aka ɗora wa injin da ya fi ƙarfinta. Aikin minti goma ne, kayan aikina kuma suna cikin jaka a kafaɗata. Na ce a raina, kwamfutarsa ta gyara masa. Na fice.

Sati biyar ina wuce ƙofar shagon a babur, ina kau da kai. Ran wata Juma'a, ana masallaci, aka kawo wuta da ƙarfi. Kafin a sauko gobara ta cinye shagon, har da rabin na telan da ke jikinsa. Allah ya tsare, ba kowa a ciki.

Na same shi a zaune kan benci a gaban tokar, babbar rigarsa duk baƙi.

"Sabo, ka zo?"

"Na zo, Yaya. Allah ya mayar da alheri."

"Amin." Ya nuna wani ƙonannen katako da haɓa. "Injin bai dame ni kamar durowar can ba. Kurar Iya tana ciki."

"Ba ka ce ka zubar ba?"

"Sauran na zubar. Ita na ga yatsan Iya a jiki, na kasa. Na ce sai ranar da ka sauko ka zo ka gaishe ni kamar ƙane, sannan in ba ka."

Na tona tokar da hannuna har ta ƙona ni. Ban samu komai ba sai marfin durowar na ƙarfe.

Kada wani ya ɗauka na yafe masa. Ban yafe ba. Mutumin da zai zuba kati arba'in a bola, ya riƙe na ƙarshe yana jiran a durƙusa masa, mugu ne, kuma na faɗa. Sababbin katinsa ma da suka ƙone, ko a jikina. Shekara talatin ina ɗauke da tatsuniyar nan a matsayin hujjata a kansa, kullum ni ne mai zanen gaskiya, shi ne mai kwaɓa ƙasa. Sai a gaban tokar nan na ji tambayar da Iya ta yi min ina murzar kai. Bakina ba ciwo yake ba ranar. Lafiyarsa ƙalau, da shi na gama zagin wana.

Ni na yi masa wayarin ɗin sabon shagon, da waya mai kauri, na bi kowane soket sau biyu. Yana ta gaya wa maƙwabta cewa ƙanensa ne ya yi, ba abin da ke wuce idon Sabo. Telan ma ya zo ya yi min sannu da aiki. Har yau ban gaya wa ko ɗayansu na ga wayar ba.

Yarana kan ajiye katinsu masu ƙyalli su ce in yi musu tatsuniyar kurar Iya. Ina yi musu. Amma ina kaiwa inda wan ya shafe zanen ƙanensa sai in ce ƙurunƙus, a tashi. Ƙaramarsu ta taɓa riƙe min riga ta ce, "Baba, to kurar ta zo?"

Na ce mata ta je ta kwanta.