Zanen da Na Tsinta a Aljihun Mijina

Ni dai Allah ya yi ni da zargi, kuma ba na musu. Mace ta kawo mini ɗinki ta ce yadi shida ne, sai na auna a gabanta, ko da ƙanwar uwata ce. A Bodinga nake aure, a cikin gida nake ɗinkina. Mijina kuma mai buga takardu ne a ofis, mutum mai sanyi, irin wanda za ka taka masa ƙafa ya ba ka haƙuri.

Wata ranar wanki cikin damina, ina lalube aljihun kaftaninsa, na ci karo da takarda an ninke ta huɗu. Na buɗe. Gidaje ne aka zana, biyar a tsaye biyar a kwance, kowane gida da alama a ciki. Ba Larabci ba ne, ba boko ba, ba kuma lamba ba. Wata kamar ƙugiya, wata kamar ƙafar kaza, an goge wasu an sake zanawa. A ƙasa an rubuta da biro: a kashe ruwa kafin a shiga. A Shagari na girma, na san hatimin da malamai ke rubutawa a allo, na kuma san irin wanda ake binne wa mutum a bakin ƙofa ba don alheri ba. Wannan ya fi kama da na biyun.

Sai na fara haɗa abubuwa. Kusan wata uku ke nan, in ya dawo aiki bayan la'asar sai ya shige ɗakinsa da tsohuwar kwamfutarsa, da na ɗaga labule ya rufe ta, ya ce aikin ofis ne. Duk ranar kasuwar Shagari kuma wani direban bas kan tsaya a bakin titi ya miƙa masa takarda, shi ma ya ba da tasa. Mai aikowar na san shi, abokinsa ne tun makaranta, mutumin Kajiji, yana da shagon maganin dabbobi a Shagari. Ban taɓa yarda da shi ba, dariyarsa ta yi yawa. Rannan ma na ji mijina a waya yana cewa ya sauka ƙarƙashin ƙasa ya iske ƙofa ta uku, amma ta ƙi buɗuwa. Mutumin da ko rijiyar gidanmu ba ya leƙawa!

Da ya dawo na nuna masa takardar. Na ce, "Malam, mi anka rubuta nan?"

Ya karɓe ta da sauri, ya yi 'yar dariya, bai dube ni ba. Ya ce, "Ba wani abu ba na. Wasa dai na, tsakanina da mutumin."

Wasa! Magidanci mai 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa a gemu. Ban ƙara tambaya ba, don na riga na yanke hukunci a raina: ko dai mai dariyar nan ya ja shi wurin boka neman ci gaba a ofis, ko kuma shi ɗin aka yi wa aiki. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Talauci zan iya zama da shi, ciwo ma haka, amma ba zan zauna da mai bin boka ba.

Da sabuwar takarda ta iso, na zare ta daga jakar kwamfutar. Washegari na ce za ni gaida Baba, na hau bas sai Shagari. Mahaifina mai shanu ne, yana da karatunsa daidai gwargwado, kuma yana ji da mijina kamar ɗan cikinsa. Na tsuguna na zayyana masa komai, har da abin da ban gani ba. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wanga ba shi cikin hatiman da nis sani. Amma ban so shi ba. Bar shi nan, za ni kiran shi."

Da na fito, maimakon in nufi tasha, sai zuciya ta ɗebe ni zuwa shagon maganin dabbobi. Na iske abokin a kan benci, shi da wani malamin makaranta daga Horo Birni, suna gardama har jijiyar wuya ta tashi. Na laɓe a jikin rumfar mai albasa ina saurare.

Malamin makarantar yana cewa, "Na ukku ba shi da wani armashi, wallahi. Komi sun hwaɗa maka, kahin ka yi tunani ƙohwa ta buɗe. Don malalata anka yi shi."

Abokin ya ce, "Ni na hwarko nika so, shi na mai gaskiya. Abin da kag gani shi na. Na biyu kau macuci na. Ka buɗe ƙohwa ka wuce, ashe makunnin da kaka nema na laɓe bayan ƙohwar da kab buɗe da hannunka. Kwana ashirin nic ci wurin nan. Wanda yay yi shi ba shi da tausai."

"Kuma mutumin Bodinga ya gane shi cikin kwana biyu? Ni ban yarda ba. Ya duba amsa cikin waya."

"Ai shi ya sa nic ce kowa shi zana da hannunai."

Jin an ambaci mutumin Bodinga, na ce a raina sun hango ni ne suka juya maganar don su ruɗe ni. Na fito fili. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na ce, "Sannunku. Wurin wane boka kunka kai mani miji?"

Abokin ya ce, "A'a, matarmu ta da kanta!" Ya fara dariyar nan tasa, sai ya ga fuskata, dariyar ta mutu. Na gaya masa abin da na tsinta. Ya tashi ya shiga shago ya jawo wata kwamfuta daga bayan kwalaben maganin tsutsa, ya kunna ya juyo da ita wajena.

Wani tsibiri ne a tsakiyar ruwa, babu mutum ko ɗaya. Ba harbi, ba gudu, sai ƙarar ruwa da tsuntsaye. Kana tafiya kana dube-dube, ka murɗa famfo a nan, wata gada ta sauko a can. Ya bi wani tsani ya sauka ƙasa, sai ga ƙofar ƙarfe, a jikinta gidaje biyar-biyar, ga ƙugiyata, ga ƙafar kazata. Ya ce tsohon wasa ne, ya girmi aurena, kashi huɗu ne, kuma su ukun sun yi alkawari ba wanda zai nemi amsa a intanet. Don haka ne ba sa tura hoto ta waya, tunda hoto ana iya kwaso shi ko'ina. Zanen hannu kuwa, da gogewarsa da kuskurensa, shi ke nuna mutum ya yi gumi. Ashe su ma zargin juna suke yi, ba ni kaɗai ba ce.

Duk da haka ban saki jiki ba. Na ce ya matsa in taɓa da kaina. Na danna, ƙafar kazar ta juya ta koma ƙugiya. Na sake dannawa, ta sake juyawa. Babu aljani, babu hayaƙi.

Na ce, "To in an gama, mi aka samu?"

Malamin makarantar ya ce, "Ba komi, Hajiya. Sai dai ka ji daɗi, ka zo ka yi gardama."

"Shi mijin nawa wanne yaka so?"

Abokin ya ce, "Na biyu, macucin. Ya ce shi kaɗai na wurin da ba mai ce mai yi sauri, ba mai ɗaga mai murya. Ko wata guda yay yi bai gane ba, abin na nan na jiran shi."

Maganar ta soke ni, don na san muryar da ta fi tashi a gidanmu. Sai kuma na tuna da takardar da na bari a hannun Baba. Na juya da gudu-gudu, gyalena na zamewa ina ja.

Na makara. Baba ya riga ya buga waya, mijina yana hanya a kan mashin, har an kira ƙanen Baba ya zo ya zama shaida. Na tsuguna na ce kuskure na yi, wasan kwamfuta ne, na gani da idona. Baba ya dube ni ya ce, "Ke kinka kawo ƙara, ɗiyata. Yanzu shi hwaɗa mani da bakinai."

Bayan la'asar ya iso. Ina bayan katangar zaure ina jin komai, ina leƙe ta kafar ƙyaure. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, kansa a ƙasa. Baba ya ajiye takardar a kan tabarma ya ce ya yi bayani. Mijina ya dube ta, ya gane ta, kuma na ga lokacin da ya gane wanda ya kawo ta. Ya ƙara sunkuyar da kai. Duk wanda ya san kunyar suruki ya san abin da nake nufi.

Can ya ce, "Allah shi ba ka yawan rai, Baba. Wasa na. Cikin kwamfuta aka yin shi."

"Wasa."

"I, Baba."

"Da ɗiyanka kaka yi?"

"A'a, Baba. Ni da abokaina."

Ƙanen Baba ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙwace masa. Baba ya shafa gemu ya ce, "Da tsibbu na, da na san nasihar da za ni yi maka. Wanga kau ban san mi za ni cewa ba. Tashi ka kai iyalinka gida."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni na jawo masa wannan, mutumin da bai taɓa kai ƙarata wurin kowa ba, kuma Allah ya sani akwai abin kaiwa.

Muka kama hanyar Bodinga ina bayansa, gero ya rufe hagu da dama, idonsa na kan hanya. Na gwammace ya yi faɗa, don faɗa na iya shi. Mun kusa shiga gari sai ya tsaya a gefen titi ya kashe mashin, ya ce in sauka. Na sauka. Na fara ba shi haƙuri, ina cewa ai na tambaye shi, shi ne ya yi ta rufe kwamfuta kamar mara gaskiya.

Ya ce, "Kunya nika ji, shi ya sa. Abin Baba kuma bai dame ni ba, babba na, za shi mantawa." Sai ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko a ranar. "Amma ke, shekara sha ɗaya kina jin hitata masallaci da asuba. Kuma da kinka ga takarda aljihuna, boka kinka hwara kawowa cikin ranki."

Bai yi mini ƙarya ba. Ya tada mashin. Na hau, na rasa inda zan sa hannuna.