Sawun Baffa a Ƙofar Gida

Shekaranjiya jikata ta danna inda ba a dannawa, hoto ya ɗauke, tele ta koma yin shuuu, kamar ana zazzage gero daga buhu. Yara suka hau tsaki. Ni kuwa ina riƙe da ludayin fura, sai na sake shi, furar ta zube mini a zane. Kada ka ce tsufa ne. Wannan ƙarar na san ta tun ina 'yar shekara tara. Bari in gaya maka dalili. In ka ga dama ka yi dariya, waɗanda suka riga ka ji ma sun yi.

Ni marainiya ce. Ubana ya rasu ina goye, uwata ta yi wani auren can wajen Dungas, aka bar ni hannun kakata ta wajen uba, a wani ɗan ƙauye kusa da Kwaya, gidajensa ba su fi ashirin ba. Kaka ta haifi takwas, ƙasa ta karɓe shida. Saura gwaggona da ke aure a Bande, sai autanta, baffana. Da an gama ɗaurin gero yake barin matarsa wurinmu ya tafi cin rani Damagaram. Mu dai abin da muka sani, ɗinki yake koyo. Kaka tana da ƙullin farin ƙyalle a gindin wata tukunya, likkafaninta ne, ta tanada tun da ƙarfinta. Takan ce roƙonta ga Allah guda ne, Auta ya sa ta a rami da hannunsa, kada ita ta ga mutuwarsa.

A wannan shekarar, ana cikin roron gyaɗa, ko'ina ƙamshin harawa da hayaƙin suya, gwaggo ta haihu. Aka tura ni Bande in riƙa ɗebo mata ruwa da icen wankan jego. Can na tarar gwamnati ta kafa tele a dandali, cikin akwatin ƙarfe bisa dirka, da batir irin na mota, da wani dogon sanda mai ƙahoni. Mu rediyo kaɗai muka sani, shi ma guda ɗaya a gidan mai gari, inda ake jin sanarwar rasuwa. Tun daren farko gwaggo ta ja mini kunne.

"In na ji ƙafarki ta taka dandalin nan sai na karya ta. Mutumin da ke cikin akwatin yana ganin kowa, kuma zai faɗa mini."

Kwana biyar na daure. Rana ta shida, ana fitowa sallar magariba, ta aike ni sayen kanwar kunu, hanya kuwa ta bakin dandali ta bi. Na ce leƙe ɗaya zan yi. Na kutsa tsakanin ƙafafun manya na tsuguna.

Ga shi nan, mai labarun da duk Bande ke zancensa. Hula a karkace, tabarau, murya kamar ana buga kwarya cikin ruwa. Ya yi sallama, tsofaffi suka amsa masa gaba ɗaya. Sai ya ɗago ido ya kafe ni. Wallahi ni yake kallo. Na matsa dama, idonsa ya biyo ni. Na ja gyale na rufe fuska, na bar ido ɗaya. Aka nuna manyan ƙasa suna gaisawa, aka nuna 'yan kokowa, aka nuna shanu kwance matattu can arewa. Wani dattijo kusa da ni ya taɓa abokinsa ya ce, "Ka gani ko? Da a rediyo ne ka ce ƙarya. Wannan ido ya gani." Na riƙe maganar nan. Abin da ke cikin akwati, ya faru.

Sai hoto ya ɗauke. Shuuu. Mai kula da telen ya rungumi sanda yana juyawa, mutane na ce masa dama, hagu, ya yi, bai yi ba. Aka jima. Daga baya na gane a cikin wannan shuuu ɗin labaru suka ƙare aka shiga wasan kwaikwayo. Kowa a dandalin ya sani, ni kaɗai ce baƙauya.

Hoto ya dawo, sai ga baffana.

Shi ne. Ga tabon ƙahon bijimi a girarsa, ga wushiryarsa, ga yadda yake sosa ƙeya. Yana tsugune gaban buhu yana watsa gyaɗa a baki, wani mutum yana ce masa iri ne, an barbaɗa masa maganin ƙwari, kada ya ci. Ya ce an wanke ai. Baffa da gyaɗa kuwa sai ɓera, ko Kaka ɓoye masa take. Mutane suka yi ta dariya. Can ya riƙe ciki, ya faɗi, yana shure-shure, kumfa na fita bakinsa. Wasu har lokacin dariya suke, na ce a raina mutanen Bande ba su da imani. Na ga an ja masa ƙyalle har kai. Na ga an ɗora shi a makara. Na ga sahu, na ji kabbara huɗu. Sannan wani mai farar riga ya fito ya dube ni ya ce, kun ga abin da ya sami wannan bawan Allah.

Ban san yadda na kai gida ba. Kanwa ma a hanya na yar. Gwaggo ta zage ni tas, ban gaya mata abin da na gani ba. Yaya zan faɗa? In na ce na gani, na taka dandali ke nan. Kuma an ce mummunan labari yana ƙafar da nonon mai jego.

Washegari, ganin na kasa aikin komai, aka maido ni ƙauye a amalanke, ina zaune bisa buhuna, ina ɗauke da gawa a ciki ni kaɗai. Kwana biyu ban iya haɗiye tuwo ba. In matar baffa ta yi dariya a bakin turmi sai in ji kamar ni na kashe mata miji. In na rufe ido sai mai tabarau ya kafe ni. Kaka ta taɓa goshina, ta jiƙa mini sabara, ta ce ko mayun Bande ne suka kama ni.

Rana ta uku da safe ta soya ƙuli-ƙuli, ta zaɓi manyan ta ƙulle a tsumma, ta miƙo mini, tana kirana da sunan da take tsokanata da shi.

"Uwar baki, kai gidan mai gari. Ƙanensa zai shiga Damagaram, ya kai wa baffanki. Na san yana can yawunsa na tsinkewa."

Ƙullin da ɗuminsa a hannuna. Nan na fashe. Na ce Kaka baffa ba zai ci ba, baffa ya mutu, na gani a tele, gyaɗa ce ta kashe shi.

Kafin a jima gidanmu ya cika. Liman ya zaunar da ni a zaure yana tambaya a hankali. Kin ga fuskarsa? Na ce har tabon. An yi masa salla? Na ce kabbara huɗu, na ƙirga. Ya ja gemu, shi ma bai taɓa ganin tele ba. Ya ce shaidar yarinya ɗaya ba ta kashe mutum, a dakata, ƙanen mai gari ya je ya gano. Maza suka dakata. Mata ba su dakata ba. Suka ce rediyo ma da ba ya da ido in ya faɗi rasuwa ta tabbata, balle abin da ya nuna makara. Matar baffa ta cire 'yan kunne, aka tsefe mata kitso, ta shiga ɗaki takaba.

Kaka ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ciro likkafaninta daga tukunya, ta ɗora a cinya, ta jingina da garu. Aka kawo fura ta kau da kai. Aka kawo ruwa ta kau da kai, sai dai ta kurkure baki in za ta yi alwala. Kwana ɗaya, kwana biyu. Leɓenta ya tsage, idanunta suka faɗa. Ina kwance gefenta ina sauraren numfashinta, in ya yi jinkiri sai in taɓa ƙafarta. Na san in ta tafi, bakina ne ya kai ta. Na ce Kaka ki sha ko kurɓi ɗaya. Ta ce, "In sha in jira wa?"

A kwana na uku, da hantsi, mata suna dakan gumbar sadaka a tsakar gida, sai muka ji sallama daga ƙofa. Muryar baffa ce. Ashe ɗan aike ya same shi zaune bisa keken ɗinki, suka hau kamyo, babbar motar kaya, tare, da aka sauke su a bakin hanya shi ya sheƙo da gudu ya baro mutumin a baya. Mu ina muka san wannan? Mun dai ga mamaci tsaye, fuska fari fat da ƙurar mota, yana haki.

Taɓare suka zube. Wata ta haura danga, wata ta faɗa rumbu da ka, ana ta salati da a'uzubillahi. Matarsa ta leƙo ta ƙwalla ƙara ta sulale. Ni fitsari ya ƙwace mini a tsaye, ba na ɓoye maka.

Kaka kaɗai ba ta gudu ba. Ta rarrafo, don ƙafa ba ta ɗaukarta, har bakin zaure.

"Tsaya nan. Kada ka shigo."

"Inna, ni ne fa."

"Na ce tsaya. Cire takalmin. Ja da baya."

A wurinmu kowa ya san fatalwa ba ta taka ƙasa, tafiya take a bisa iska, ba ta barin sawu. Ƙofar gidan kuwa an share ta da asuba saboda masu gaisuwa, rairayi lumui. Baffa ya tuɓe takalmi, ya ja baya taku uku. Kaka ba ta ko dubi fuskarsa ba, ƙasa ta duba. Ga sawu nan shimfiɗe, da ɗan yatsan nan nasa da ya hau bisa ɗan'uwansa, irin na kakanmu. Ta sa tafin hannu a ciki, ta daɗe. Sannan ta ce da ni, "Uwar baki, ba ni ruwa."

Ta shanye moɗa guda. Da ruwa ya sauka, ta ce a miƙo mata muciya.

"Inna, wasa ne! Teyatur ake ce masa. Don a gargaɗi manoma kan irin nan mai magani. Kunya na ji ban faɗa muku ba."

"Likkafanin ma wasa ne?"

"Zanen gado ne, Inna."

"Kumfar fa?"

"Sabulu ne."

"Makarar?"

Ya sosa ƙeya. "Ta masallacin unguwa ce, aro muka yi."

"To, ta gaske ce ke nan, ɗan banza."

Sau uku ta sauke masa muciya a gadon baya, ga shi da gemu, ga matarsa da ta farfaɗo na kallo, bai motsa ba. Sannan ta ɗora masa ƙullin likkafaninta a hannu, a gaban liman, ta ce ya yi sata a akwatin, ya yi hauka, ya yi duk shashancin da ya ga dama, amma bai ƙara kwanciya a makara ba sai ya sa ta a rami. Ya ce ya ɗauka. Gumbar da aka daka ta sadakar mutuwarsa, da shi aka cinye ta. Ni ba wanda ya doke ni, sai dai sunan Mai Labaru ya bi ni har ɗakin miji.

Ya riƙe alkawari. Shekaru ya yi yana fitowa a tele, har ya zama in an ce yau da wasansu, dandali ba ya ɗaukar jama'a. Ya fito ɓarawon akuya, ya fito boka, ya fito kurma mai neman aure, mutane na riƙe ciki don dariya. Amma ko a wasa aka sare shi, sai ya tashi yana ɗingishi. Masu kallo suka riƙa cewa wannan ba ya mutuwa, ba su san muciya ce ba. Ni kuwa ban taɓa iya kallonsa da daɗin rai ba, ina zaune ne a ɗarare har a gama. Ranar da Kaka ta cika, shi ya shiga rami ya karɓe ta.

Yanzu tele ta shiga kowane gida, ga ta kuma a tafin hannu cikin wayar portabul. Jikokina kafin a sauke tuwo sun ga mutuwa goma, ta wasa da ta gaske, suna taunar gyaɗa, ba wadda ke hana su haɗiya. Da na shiga karatun manya da furfurata, abin da na fara nema in iya shi ne ɗan rubutun da ke gindin hoto, in san labaru ne ko wasa. Na iya. Amma su da suka fi ni karatu, sau nawa suke zuwa mini da abu a waya su ce ga shi an gani, washegari a ce ƙarya ne? Ba ni kaɗai ce baƙauya ba ashe.

Baffa ya rasu a Damagaram, ya tsufa ƙwarai. A waya aka gaya mini, har da hoton makara aka turo. A satin nan kuma tele ta maimaita tsohon wasansa, ga shi yana gudu da akuya a kafaɗa, baƙin gashi, wushirya a waje. Na san bambanci, ba sai an gaya mini ba. Duk da haka kwana uku ina tashi da asuba in share ƙofar gida lumui, in hana yara bi ta nan. Da hantsi in fita in duba.

Sawun kaji kawai na tarar.