Gefen Ɗakin Inna

Uwar maigidana, wadda duk muke kira Inna, tana da wani ɗakin ƙasa a Mamudo da marigayi mijinta ya gina mata da hannunsa tun tana amarya. A bazarar da nake ba da labari, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ɗakin ya tsage daga ciki har yatsa na shiga. Maigidana ya yi lallashi ya gaji, a kan ta dawo wurinmu Potiskum kafin ruwa ya sauka, a rushe a yi mata na bulo. Amsarta kullum ɗaya ce.

"Ɗakin nan tsaye yake kamar yadda mai shi ya bar shi. Ni ma ƙafata duk faso ce, an rushe ni?"

Ana cikin haka autanta ya zo hutu. Zanen gine-gine ya karanta, yana aiki a Damaturu, ya iso da kwamfuta a bayan mota an naɗe ta da bargo kamar jaririya. A falonmu ya kafa ta. Ni da shi akwai wasan matar wa da ƙanin miji, Injiniya nake ce masa. Ya ce zai gina ɗakin Inna a cikin na'urar nan, sak, ya nuna mata za a iya yi mata sabo mai kama da tsohon, ko ta haƙura.

Na ce, "Injiniya, ba dai mutum-mutumi za ka ƙera mana a gida ba?"

"Bango da ƙofa kawai, matar Yaya. Babu mai rai. Kwantar da hankalinki, ki kawo min kunun tsamiya."

Na kawo kunun, amma ban koma kicin ba. Fuskar kwamfutar a rabe take gida huɗu, kowane gida cike da siraran layuka a miƙe, na tsaye da na kwance, irin na takardar lissafi da muka yi amfani da ita a sakandare. Ya nuna min da yatsa: nan kallo ta gaba, nan ta gefe, nan ta sama, na huɗun kuma a nan abu yake juyawa. Ya ce ba da ka ake yi ba. Hoton ainihin abin ake sakawa a bayan layukan, sai a bi shi ana zanawa, kamar yadda muke ɗora farar takarda a kan taswira mu kwafa.

Hoton gaba bai yi wuya ba. Duk Sallah a ƙofar ɗakin nan ake tsayawa, sai dai a kowanne mutane sun rufe rabin bangon, don wa zai ɓata fim a kan gini? Ya zaɓi wanda ya fi sauƙin jama'a, ya kai ofishinsu inda akwai injin da ke shigar da hoto cikin kwamfuta. Da ya dawo na zauna ina kallo yana bin ƙofa, yana bin taga, yana bin bakin rufi. Da ya gama na ce ma sha Allah, ga ɗaki ya fito. Sai ya juya shi a gida na huɗu. Abin ya zama siriri, shafal, kamar an yanko kwali.

"Kin gani? Hoto ɗaya faɗi da tsayi kawai yake faɗa. Zurfin yana wurin hoton gefe."

A nan gizo ke saƙar. Gefen ɗakin Inna na gabas a manne yake da rumbu, na yamma kuwa cikin gidan maƙwabta yake kallo, tsakar gidan matan aure, inda namiji baligi ba ya shiga. Injiniya ya dube ni, na dube shi.

Da izinin maigida, ya koya min kamara. In tsaya daidai tsakiyar bango, kada in karkata, kada in durƙusa, ƙasa ta fito, rufi ya fito. Na hau motar Mamudo da ita a cikin jaka ina jin kamar na ɗauko ƙwai.

Na yi sallama a gidan maƙwabtan, muka gaisa da matan, na faɗi abin da ya kawo ni. Kalmar hoto kawai suka ji. Kafin in gyara tsayuwa kowa ta faɗa ɗaki. Aka fito da atamfofin Sallah, aka rambaɗa kwalli, aka wanke wa yara fuska. Uwargidan ta sa aka shimfiɗa tabarma a gindin bangon nan, ta ce ai dama nan ne inuwarsu ta hantsi, nan yara ke wuni. Suka jeru. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa matan da suka yi kwalliya saboda ni su matsa, bango nake so? Na ɗauka, na sake ɗauka, aka cika ni da gyaɗa na dawo.

Ranar da aka wanko hotunan Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Matar Yaya, bango na aike ki ko biki?"

"To kai ka je mana, tunda ka iya."

Na koma da hotunan a hannu, na raba musu. Murna ta sa da kansu suka kwashe itacen da ke jingine a wurin, suka kore awaki, suka tsaya a bayana suna mamakin mai ɗaukar hoton bango. Na yi bisimilla, na riƙe numfashi, na danna.

Da aka shigar da wannan a gidan kallon gefe, ya daidaita bakin rufinsa da na hoton gaba, sai ya tsuke baki. Kusurwar bangon ba ta bi layin tsaye ba, ta kauce daga sama.

"Kin karkata hannu."

Ban yi musu ba, don ni ma ban yarda da hannuna ba. Har na fara tunanin tafiya ta uku, sai na ga ya ƙura wa hoton ido. Ya matso da fuskarsa. A can ƙarshen hoton akwai ragaya rataye a rumfar maƙwabtan, da ƙwarya a ciki. Igiyarta ta kwanta a kan layin kwamfuta daram, ba ta kauce ko kaɗan ba. Abin da aka rataya kuwa ba ya karkata. Hoton daidai yake. Bangon ne ya sunkuyo, kuma wajen maƙwabta ya sunkuyo. Ni da na tsaya a gabansa da idona ban gani ba, su da suke kwana suna tashi da shi ma ba su gani ba, ido ya saba.

Bai ƙara maganar sabon ɗaki ba. Ya bi hoton yadda yake, ya gina tsohon a cikin na'urar da karkatarsa.

Maigida ya je ya ɗauko Inna da hantsi. Ta ƙi kujera, sai aka sauko da kwamfutar ƙasa kusa da tabarmarta. Da ɗakin ya fara juyawa ta ja da baya tana a'uziyya, sannan ta matso.

"Wannan ai ƙofata ce. Auta, wa ya shigar da ita nan?"

Ya juya mata gefe, ya nuna mata layin, ya nuna igiyar ragaya, ya nuna bango. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ita dai in kwananta ya ƙare ko a ɗakin ƙarfe take sai ta tafi. Maigida ya sunkuyar da kai, na ga alamar mun sake faɗuwa.

Hoton matan nan guda ɗaya ya rage a wurina, yana kan tebur. Don in sauƙaƙa zaman na miƙa mata, na ce ta ga maƙwabtanta sun yi kyau. Ta karɓa tana murmushi, tana faɗin wance ce wannan, wannan ɗan wance ne. Sai murmushin ya tsaya. Ta dubi yaran da ke zaune a gindin bangon, ta ɗaga kai ta dubi kwamfuta, ta sake duban yaran. Ta yi wata magana da yarensu na Ngizimanci can ƙasa-ƙasa, wadda ban ji ba.

"'Yar nan," ta ce da ni, "nan suke wuni?"

"Nan ne inuwarsu, Inna."

Ta ajiye hoton a cinyarta. Ba ta dubi kowa ba ta ce a je yau ɗin nan a gaya musu su ɗage tabarmarsu, a kwaso mata kayanta. Ƙyauren ƙofar kuma a cire shi a hankali, kada a fasa, shi za a sa wa sabon.

A ɗakina ta yi daminar nan. Duk sanda Injiniya ya zo, in an kawo wuta, sai ta ce, "Auta, kunna min ɗakina." Ya kunna, ta ce ya juya mata ta gaba.