Kunnen Kawu Tanimu

Kawu Tanimu, ƙanin mahaifiyata, mutumin Tahoua ne. Farin shekarar tamanin da huɗu ya cinye masa awaki, ya ɗauko matarsa Ladi suka sauko Yamai, ya samu aikin ban-ruwa a garkar wani Bazabarme a Goudel, unguwar bakin kogi. Mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, amma in ya kafe a kan magana, jaki ma sai ya sara masa.

A lokacin kogi ya janye har yara na ƙetare shi da ƙafa. Abin da ya rage kududdufai ne masu gansakuka, nan ake wanki, nan shanu ke sha. In laka ta toshe bakin tiyon injin garka, Kawu ne ke nutsawa ya share. Da ya fito sai ya zaro gashin kaza, ya yi ta susar kunne yana lumshe ido.

Kunnen dama ya fara da ƙaiƙayi, ya koma zogi, har ba ya bari a taɓa. Inna Ladi ta ce a tafi disfansar, ƙaramin asibitin unguwa.

"Kunne ne fa, ba ciki ba," in ji shi.

Ya ɗiga man shanu, ya ɗiga ruwan albasa. Wani makanike a kasuwar Katako ya ba shi man birki, shi ma ya ɗiga. Ramin kunnen ya kumbura ya rufe, ruwa mai wari na tsiyaya, ko goro ya kasa taunawa.

Ranar rabon dawar taimako, wani soja ya ce masa ya koma bayan layi. Ta dama ya yi maganar, Kawu bai ji ba. Mari ya sauka daidai kunnen. A amalanke aka kai shi disfansar, dawar ma bai samo ba.

Lokotoro Oumarou, likitan wurin, ya haska kunnen, ya ɗago kai.

"Baba, me ka zuba a nan?"

Inna Ladi ce ta zayyana masa duka.

"Man birki? Baba, kai mota ne?"

Ya ce ruwan kududdufi ne ya jiƙa fatar ramin, gashin kaza ya kuje ta, ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa. Ya wanke kunnen, ya ba da maganin ɗigawa na mako guda, ya ce kada ruwa ya sake shiga.

Da sauƙi ya samu, Kawu ya koma nutsonsa. Maganin kuwa ya sayo ƙari a farmasi, ya yi ta ɗigawa har damina, wai rigakafi. Ƙaiƙayi ya dawo, ya fi na da, aka koma disfansar. Wannan karon abin da lokotoro ya goge baƙi-baƙi ne, kamar hunhunar tsohon burodi.

"Wannan dabam take da ta farko," ya ce wa Inna Ladi, don ya gaji da yi wa Kawu magana. "Yawan maganin ne ya share wa hunhuna fili, ita kuma damshi take so. Inna, in ya sake shiga ruwa, ku nemi wani lokotoron."

Inna Ladi ba ta ko biya gida ba. Ta sami mai garka da kanta, ta roƙe shi ya canza wa mijinta aiki. Aka mai da Kawu kai salati da karas kasuwa. Ya yi fushi, har ya ƙi tuwonta na ɗan lokaci, amma kunne ya bushe ya warke.

A Katako ya tsufa, yana da teburin kayan miya nasa na kansa. Kuma duk wanda ya yi kukan kunne a layin nan, Kawu ne na farko da zai taso ya faɗa masa abin da zai ɗiga.