Zarton Baba a Kan Sikeli

Duk Gyadi-Gyadi babu wanda ya kai ni cancantar gadon kayan Baba, dattijon unguwarmu mai sayar da tsofaffin kayan kafinta. Allah ya jiƙansa, ba ya sayar wa mutum zarto sai ya ga kanta a tafin hannunsa.

Ana tashi daga makokinsa na tarar da ɗansa yana auna wa 'yan gwangwan kayan a sikeli, har da zarton da na daɗe da ƙwallafa wa rai. Na yi ta masifa har ana jiyo ni a Hotoro.

"Kai, mara kunya! Gumin ubanka ne ƙarfen kilo? Miƙo min zarton nan!"

Ya kama hannuna, ya juya shi, ya ce, "Kawu, Baba ya ce wannan hannun tuwo kawai ya iya yankawa."